Kimiyya a Gida: Shawar Lantarki, Inda Ruwa da Wuta Suke Haɗuwa

 Sanyi ya kankama, kuma mun san abin da ya fi damun ɗalibi da asuba a watannin Disamba da Janairu shi ne wanka. Ruwan da ya kwana a randa ko a tanki ya zama kamar ƙanƙara, ga kuma ƙararrawar makaranta ba ta jiran kowa. Wannan ne ya sa a irin wannan lokaci kasuwar kayan ɗumama ruwa take buɗewa: wani gida a sayo hitar da ake tsomawa a bokiti, wani a kafe tankin ɗumama ruwa a bango, wani kuma a sayo irin kan shawar nan mai waya, wadda take zubo da ruwan zafi nan take da an murɗa famfo. A kan wannan ta ƙarshen za mu tsaya a yau, domin ita ce na'urar da ta fi kowace kusantar da wutar lantarki da jikin mutum, a lokacin da jikin nasa yake jiƙe sharkaf, ƙafarsa kuma take kan siminti mai ruwa. Sau da yawa kuma ba ƙwararre ne yake haɗa ta ba, wani ne a gidan da yake ganin ya iya.

Asalinta

Ƙasar da aka fi sani da wannan shawa ita ce Birazil. A can aka ƙirƙire ta a shekarun 1930, ana kuma danganta ƙirƙirar ga wani mutum mai suna Francisco Canho, na garin Jaú a jihar Sao Paulo. Dalilin karɓuwarta a fili yake. A lokacin, ba a shimfiɗa bututun iskar gas zuwa gidaje a yawancin garuruwan ƙasar ba, alhali wutar lantarki tana ta yaɗuwa. Na'urar ba ta da tsada, ba ta buƙatar tanki, ba ta buƙatar bututun ruwan zafi daban. Yau akasarin gidajen Birazil da ita suke wanka, kuma kamfanin Lorenzetti na birnin Sao Paulo yana cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera ta. Daga can ta bazu zuwa sauran ƙasashen Kudancin Amurka, ta kuma tsallako Afirka, inda ta samu gindin zama sosai a Kenya.

A Ingila ma akwai shawar lantarki, sai dai tasu ta sha bamban. Akwati ce ake kafewa a bango, ruwa ya ratsa ta cikin wani ɗan ƙaramin tanki da ke ciki, sannan ya fito ta tiyo. Wayar da ke ɗumama ruwan a lulluɓe take cikin kwanson ƙarfe, ba ta taɓa ruwan kai tsaye. Ita kuwa ta Birazil, a yawancin nau'o'inta, wayar ɗumamawar tsirara take a cikin ruwan. Wata naɗaɗɗiyar waya ce da aka yi da gamin ƙarafan nikel da kuromiyam, tana cikin ƙoƙon roba a saman kan mai wanka. Idan aka buɗe famfo, ƙarfin ruwa yakan tura wata fatar roba sama, ita kuma ta haɗa bakunan wuta, waya ta ɗauki zafi, ruwan da ke ratsa ta ya ɗumama. Da an rufe famfo sai fatar ta sauka, wuta ta yanke. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma duk amincinta ya rataya ne a kan yadda aka haɗa ta. Baƙin da suke zuwa yawon buɗe ido a waɗannan ƙasashe, idan suka ga wayoyi a naɗe da salatif suna lilo a saman ruwa, sukan yi mata laƙabi da shawar kashe kai. Miliyoyin mutane suna wanka da ita kullum lafiya lau. Laƙabin na mummunan haɗi ne.

Me ya sa take zuƙar wuta haka?

Ku ɗauko biro da takarda, domin nan darasin fizis ɗinku zai yi aiki. Kafin zafin lita ɗaya na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, sai an zuba masa makamashi wajen jul 4,200. A ce muna da bokiti mai lita 20, ruwan cikinsa yana digiri 18, muna so ya kai digiri 38 don ya yi daɗin wanka. Bambancin digiri 20 ke nan. Idan muka ninka 20 sau 4,200 sau 20, za mu sami jul 1,680,000.

Hitar bokiti mai ƙarfin wat 1,000 tana ba da jul 1,000 a kowane sakan, saboda haka za ta ɗauki sakan 1,680, wato minti 28, kafin ta gama wannan aiki. Ita kuwa shawa ba ta da wannan sarari. Ruwa yana wucewa ta cikinta da gudu, a ce lita 4 a minti ɗaya, ke nan wannan lita 20 ɗin a cikin minti 5 za ta ɗumama shi. Aikin minti 28 a minti 5 yana buƙatar ƙarfin da ya ninka na hitar fiye da sau biyar. Shi ya sa za ku ga an rubuta wat 5,500 ko 7,500 a jikin irin ta Birazil, ta Ingila kuma takan kama daga 7,500 har ta haura 10,000. Ku kwatanta da ƙwan fitilar zamani mai wat 10: shawa ɗaya mai wat 5,500 daidai take da a kunna irin waɗannan ƙwayaye 550 a lokaci guda. A gidaje da yawa babu wata na'ura da ta kama ƙafarta wajen jan wuta.

Saura mu san yawan wutar da za ta gudana a cikin waya. Ƙa'idar ita ce a raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya. Wutar gidajen Najeriya bolt 230 ce. Shawa mai wat 5,500 za ta ja wajen amfiya 24, mai wat 7,500 kuma wajen amfiya 33. To, soket ɗin nan mai rami uku da muke da shi a ɗakunanmu, irin na Ingila, amfiya 13 ne iyakarsa, wato abin da bai wuce wat 3,000 ba. Duk wanda ya sa wa irin wannan shawa filogi ya soka a soket, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Haka ma wanda ya janyo mata wuta daga wayar ƙwan banɗaki, domin wannan siririyar waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ba ta ɗaukar abin da ya wuce amfiya 15 zuwa 20.

Abin da ke faruwa ga wayar da aka yi wa lodi, wani masanin kimiyya ɗan Ingila, James Joule, ya bayyana shi tun a shekarun 1840. Zafin da waya take yi yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan wutar an ninka shi da kansa. Idan wutar ta ninka sau biyu, zafin zai ninka sau huɗu. Idan ta ninka sau uku, zafin sau tara. Robar da ta lulluɓe wayar za ta yi laushi, ta ƙone, ta fashe, kuma duk wannan yana faruwa ne a cikin bango ko a saman silin, inda ido ba ya kaiwa.

Mahaɗar wayoyi ta fi ko'ina haɗari. A ce an murɗe wayoyi biyu da hannu an naɗe da salatif, tururin wanka ya shiga ya sa tsatsa, har mahaɗar ta samu turjiyar kashi ɗaya cikin goma na om kacal. Idan amfiya 30 na bi ta wurin, lissafin shi ne 30 sau 30 sau 0.1, wato wat 90 na zafi a wurin da bai fi ƙwayar wake girma ba. Wannan ya isa ya narkar da salatif, ya bar waya tsirara a saman kan mai wanka. Dalili ke nan da ya sa masu ƙera shawar suke cewa a haɗa wayoyinta da mahaɗi na musamman mai kusoshi, galibi na tangaran, wanda zafi ba ya narkarwa.

Abin da wuta take yi wa jikin mutum

Gobara haɗari ɗaya ce. Na biyun, wanda ya fi gaggawa, shi ne jan wuta. Yawancinmu mun ɗauka sai wuta mai yawa ce take kisa. Ba haka ba ne. A nan da miliamfiya ake awo, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. A miliamfiya 1, mutum zai fara jin tsikari. A wajen miliamfiya 10 zuwa 15, tsokar hannu takan ƙanƙame, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe ko da yana so. Wannan shi ne abin da muke cewa wuta ta riƙe shi. Daga miliamfiya 30 numfashi yakan fara wuya. Idan ta kai 50 zuwa 100 kuma ta ratsa ta ƙirji, zuciya takan rikice, ta bar bugawa bisa tsari ta koma karkarwa, jini ya daina zagayawa. Idan ba a kawo ɗauki ba, mutuwa na zuwa cikin 'yan mintuna.

Abin da yake kare mu a kullum shi ne busasshiyar fata, wadda turjiyarta kan iya kaiwa om 100,000. Da fata ta jiƙe, turjiyar jiki takan faɗo zuwa wajen om 1,000. Ku yi amfani da ƙa'idar Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa ta a 1827: a raba bolt da om. Busasshen jiki, 230 a raba da 100,000, ya ba da miliamfiya 2 da 'yan kai, mutum ya zabura ya yarfe hannu. Jiƙaƙƙen jiki, 230 a raba da 1,000, ya ba da miliamfiya 230, fiye da ninki biyu na abin da ke rikita zuciya. Waya ɗaya ce, wuta ɗaya ce, ruwa ne kawai ya raba tsakanin zabura da makara. Ƙari a kan haka, mai wanka ba takalmi a ƙafarsa, yana tsaye a kan jiƙaƙƙen daɓe, hannunsa na kan famfon ƙarfe. Hanyar da wuta za ta bi daga hannu ko ka zuwa ƙafa kuwa ta ƙirji ta ratsa.

Masu gadi uku, kowa da aikinsa

A gidan da aka yi wa wayarin bisa ƙa'ida akwai abubuwa uku da suke tsare rai da dukiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka ɗaya zai yi aikin sauran.

Na farko shi ne fis ko bireka, waɗanda suke cikin akwatin rarraba wuta. Aikinsu kare waya ne. Birekar da aka rubuta wa 32 za ta yanke wuta ne idan abin da ke bi ta cikinta ya haura amfiya 32. Ku tuna wutar da ta isa ta kashe mutum a banɗaki ba ta kai rubu'in amfiya ɗaya ba. Ke nan wuta tana iya ratsa jikin mutum har ta hallaka shi, bireka tana nan a kunne ba ta ko motsa ba. Wannan magana ku riƙe ta da kyau. Ku kuma lura da wata mummunar al'ada: fis ya tsinke, sai a samo waya mai kauri a ɗaura a madadinsa, ko bireka ta riƙa faɗuwa sai a canza ta da babba ba tare da an canza waya ba. An kori mai gadi ke nan don ya cika ihu.

Na biyu ita ce wayar ƙasa, mai launin kore, ko kore da rawaya. Takan tashi daga jikin na'ura ta bi ta akwatin rarraba wuta ta ƙare a wani sandan ƙarfe mai rufin jan ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa. Idan wuta ta yi yoyo, sai ta samu wannan hanya mai sauƙi ta bi, maimakon ta bi ta jikin mutum. A shawar Birazil, bakin wannan waya yana zaune ne a cikin ruwan, tsakanin wayar ɗumamawa da ramukan da ruwa ke fita, don ya kwashe yoyon wutar kafin ruwan ya sauko. Idan an bar ta tana lilo ba a haɗa ta da komai ba, an cire wa na'urar babbar kariyarta. Wasu kuma sukan ɗaura ta a jikin bututun ruwa su ce an gama. Bututun yanzu na roba ne, roba kuwa ba ta ɗaukar wuta. Idan ma na ƙarfe ne, ana iya mayar da duk famfunan gidan abin tsoro. Muhimmancin wannan waya ya sa a 2006 Birazil ta kafa dokar da ta wajabta sanya ta a sababbin gine-gine. A nan arewa akwai ƙarin abin lura: da rani ƙasa takan bushe ƙayau, busasshiyar ƙasa kuma ba ta karɓar wuta kamar mai danshi. Sandan da ya yi aiki da damina yana iya yin rauni a lokacin hunturu, daidai lokacin da aka fi kunna kayan ɗumama ruwa. Ƙwararre yana da na'urar auna wannan.

Na uku ita ce na'urar gano yoyon wuta, wadda masu wayarin suke kira RCD, wasu kuma su ce ELCB. Ita ce mai kare rai. Aikinta ƙidaya ne: tana auna wutar da ta fita ta waya mai rai da wadda ta dawo ta wayar komawa. Idan komai lafiya, biyun daidai suke. Idan wadda ta dawo ta gaza wadda ta fita, to wani kaso ya bi ta wata hanya, wataƙila ta jikin wani. Irin wadda ake sa wa banɗaki, da bambancin ya kai miliamfiya 30 take yanke wuta, cikin ƙasa da sulusin sakan, sau da yawa ma cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wani injiniya mai suna Henri Rubin ya ƙera irinta a Afirka ta Kudu a shekarun 1950 don kare ma'aikatan haƙar zinariya, sannan Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya daɗe yana nazarin tasirin wuta a jikin ɗan Adam, ya ƙirƙiro nau'in da ake amfani da shi a Amurka a 1961. Ƙa'idojin wayarin na Birazil da na Ingila duk sun wajabta ta a layin banɗaki. Idan tana yawan faɗuwa, magana take yi: akwai yoyo. Maganin shi ne a nemo yoyon, ba a tsallake ta ba.

Me ya sa ba aikin kowa ba ne?

A Ingila da Wales, tun daga ranar 1 ga Janairun 2005, dokar gine-gine ta tanadi cewa janyo sabon layin wuta a gida, irin wanda shawa take buƙata, sai dai ma'aikaci mai rajista ya yi shi, ko kuma a sanar da hukuma ta zo ta duba. Ƙa'idarsu ta kasa banɗaki shiyya-shiyya gwargwadon kusanci da ruwa, ta fayyace abin da aka yarda a kafa a kowace shiyya. Shi ya sa a can makunnin shawa yakan kasance a silin da igiya ake ja, ko kuma a wajen banɗakin gaba ɗaya, don kada jiƙaƙƙen hannu ya kusanci wuta. A Najeriya kuma akwai hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, mai alhakin duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, ga kuma hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ciki har da wayoyi. Jabun waya na nan a kasuwa: a rubuta mata kauri kaza alhali jan ƙarfen cikinta bai kai ba, ko a yi ta da alminiyam a shafa mata launin jan ƙarfe. Araha ba ta ado.

Haɗin da ya cika ƙa'ida yana da siffofi sanannu. Shawa tana da layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta. Wayar tana da kauri, galibi murabba'in milimita 6 ko 10, gwargwadon ƙarfin shawar da nisan tafiyar wayar. Akwai bireka daidai da wayar, akwai na'urar gano yoyo mai miliamfiya 30, akwai wayar ƙasa da aka auna aka tabbatar, akwai makunni mai yanke wayoyi biyu a inda ruwa ba ya kaiwa. Sai kuma duba rubutun jikin na'urar. A Birazil wasu garuruwa bolt 127 suke amfani da shi, wasu 220, don haka ana ƙera shawar iri biyu. Idan aka sayo mai 127 ta intanet ko a kayan gwanjo aka haɗa ta da 230, ƙarfinta zai ninka fiye da sau uku, mai wat 5,500 ta nemi jan wajen 18,000, wayarta ta ƙone nan take. Ƙaramin janareton gida da ƙaramar inbata ma ba za su iya ɗaukarta ba.

Mun san akwai hazikai a cikinku, musamman 'yan makarantun fasaha, waɗanda suka iya gyara fitila da soket, kuma muna alfahari da su. Amma wannan aiki yana buƙatar na'urorin awo da ɗalibi ba shi da su. Haɗin da ba shi da wayar ƙasa yana iya ba da ruwan zafi shekara biyu ba a ga komai ba, ranar da roba ta tsage kuma ƙanwarka ce a ciki. Shiga irin wannan aiki ba horo karambanin akuya ne, gai da kura.

Hitar bokiti ma 'yar gida ɗaya ce

Ɗalibai da yawa ba su taɓa ganin shawar lantarki ba, amma kowa ya san hitar bokiti, kuma duk lissafin da muka yi a sama ya hau kanta. Idan kwansonta ya tsage, ruwan bokitin duka ya zama mai wuta. Kada a taɓa tsoma yatsa don jin ko ruwa ya yi zafi alhali tana jone. A fara tsoma ta a ruwa kafin a kunna, a kashe soket a zare filogi kafin a ciro ta. Kada a tura wayoyinta tsirara cikin soket da tsinken ashana. Kada a kai ta banɗaki da doguwar waya. Kada a bar ta inda ƙananan yara suke rarrafe. Ita kuwa hitar da wasu suke haɗawa da kansu da reza ko cokula a ɗakunan kwanan ɗalibai, ba ta da kwanso ko kaɗan, ta cikin ruwan kansa wutar take bi. Wanda ya gan ta ya sanar da malamin da ke kula da ɗakin kwana, wannan ceton rai ne, ba tsegumi ba ne.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mu a nan: ɗauke wuta. An jona hita, an ɗauke wuta, an manta an tafi aji ko an kwanta. Cikin dare aka dawo da ita, ruwa ya tafasa ya ƙafe, bokitin roba ya narke, katifa ta kama. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Da an ɗauke, a zare duk wani abu mai zafi daga soket.

Alamomin da ba a yi wa shiru

Idan kun ji ɗan tsikari a famfo, ko a ruwa, ko a bangon banɗaki, musamman a inda kuke da rauni ko kaushi ya tsage, wannan yoyon wuta ne. Haka idan kun ji ƙaurin roba, ko kun ga baƙin tabo a makunni, ko makunnin ya yi zafi, ko kuna jin ƙarar tartsatsi, ko fitilun gida suna dusashewa sosai da an kunna shawa, ko bireka tana yawan faɗuwa. A daina amfani da ita nan take, a kashe layinta, a faɗa wa Baba ko Mama ko wanda yake babba a gidan. A kuma kiyaye waɗannan: ba a taɓa kan shawar ko maɓallin sauya zafinta ruwa na zuba, sai an rufe famfo. Ba a tsokane ramukanta da allura ko waya sai an kashe wutarta daga akwati. Silifas na roba yana ɗan taimakawa, amma idan ruwa ya lulluɓe shi ba abin dogaro ba ne.

Ga aikin da kowannenku zai iya yi a wannan mako. Cikin ladabi ku roƙi Baba ya nuna muku akwatin rarraba wutar gidanku da babban makunnin da ke kashe wutar gida gaba ɗaya, kowa a gidan ya san inda yake. Ku duba, ba tare da buɗe murfin ciki ba, ko akwai wata na'ura mai ɗan maɓalli da aka rubuta wa harafin T, da lamba 30mA a jikinta. Idan akwai, babba ya danna maɓallin: in tana da lafiya, wuta za ta yanke nan take, sai a mayar da ita. Ana so a riƙa wannan gwaji duk bayan wata uku zuwa shida. Idan babu ita kuma akwai kayan ɗumama ruwa a gidan, ku nuna wa iyayenku lissafin nan na 230 a raba da 1,000, ku roƙe su su kira ƙwararren mai wayarin.

Idan wuta ta ja wani

Kada ku taɓa shi, kada ku taka ruwan da yake ciki, domin wutar za ta haɗa da ku. Ku ruga ku kashe babban makunni ko ku zare filogi, kuna kiran manya da ƙarfi. Idan babu halin kashewa, ku tsaya a busasshen wuri, ku ture wayar ko ku raba shi da ita da busasshen katako ko sandar roba. Bayan an raba shi da wuta, a duba ko yana numfashi. Idan ba ya yi, wani ya kira lambar gaggawa ta 112 ko ya nemo mota, wani kuma ya kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ya ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ya riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin wajen santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba tsayawa har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa. Madara ba ta fitar da wuta daga jiki, domin wuta ba ta zama a jiki bayan an yanke ta, kuma wanda ya suma yana iya shaƙewa. Ko da ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti, saboda wuta kan yi ƙuna a can ciki, bugun zuciya kuma yana buƙatar dubawa.

Tambayar mako

Wata shawa an rubuta mata wat 8,500, za a haɗa ta da wuta mai bolt 230. Amfiya nawa za ta ja? Sau nawa wannan ya ninka iyakar soket mai amfiya 13? Idan kuma akwai mahaɗa mai turjiyar om 0.2 a kan layinta, wat nawa na zafi zai taru a wurin? Ku yi lissafin a littafinku, ku nuna wa malamin fizis ɗinku, za mu kawo amsa a fitowa ta gaba.